Abincin karnuka mai tsada: Me ya kamata a duba kafin a saya, kuma yaya ake sauya shi?

A watan Maris na 2007, kamfanin Menu Foods na ƙasar Kanada ya janye gwangwanaye da fakitin abincin karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 60 daga kasuwa, bayan da dabbobi suka riƙa kamuwa da ciwon ƙoda suna mutuwa. Bincike ya gano cewa wani sinadari da ake haɗa robobi da shi, mai suna melamin, ya shiga cikin garin furotin na alkama da aka sayo daga ƙasar Sin.

Abin da ya fi tayar wa masu dabbobi hankali shi ne jerin sunayen da abin ya shafa. Akwai abinci mai araha na manyan kantuna, akwai kuma masu tsada irin su Iams da Eukanuba da Nutro. Ashe masana'anta ɗaya ce ke haɗa wa kamfanoni da dama wani ɓangare na kayansu, kowa ya manna sunansa da farashinsa.

Tun daga lokacin tambayoyi biyu ke bin masu karnuka: ta yaya ake gane abinci mai inganci, kuma shin ya fi a riƙe guda ɗaya ko a riƙa sauyawa? Tambayoyin sun shafi masu karnukan gadi a Legas da Abuja da Kano, domin yawancin fitattun sunayen da suke saye daga waje ake shigo da su.

Me kalmar da ke jikin buhu take nufi?

Hausawa na cewa araha ba ta ado, to amma a wannan kasuwa tsada ma ba shaida ba ce. Kalmomin Turanci irin su "premium" da "super premium" da "holistic", waɗanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe don nuna fifiko, ba su da wata ma'ana a dokar Amurka. Babu wani ma'auni da kamfani zai cika kafin ya yi amfani da su.

Rubutun da ke da nauyi ƙarami ne, kuma galibi a baya ko a gefen buhu yake. Jimla ce da ke bayyana cewa abincin cikakke ne, an daidaita shi bisa ma'aunin ƙungiyar AAFCO, wadda ta haɗa jami'an kula da abincin dabbobi na Amurka. A Turai, ƙungiyar FEDIAF ce ke fitar da irin wannan ma'auni. AAFCO ba ta gwada abinci, ba ta kuma ba da takardar shaida. Ma'auni take tsarawa, jihohi su shigar da shi cikin dokokinsu, kamfani kuma ya ɗauki alhakin abin da ya rubuta.

Bisa wannan ma'auni, abincin babban kare dole ya ƙunshi furotin aƙalla kashi 18 cikin ɗari da maiƙo kashi 5.5, idan an cire ruwan da ke ciki. Na 'yan kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa kuwa, furotin kashi 22.5 ne, maiƙo kashi 8.5.

Jimlar tana kuma faɗin hanyar da aka bi wajen tabbatar da hakan: ko dai lissafin sinadarai aka yi, ko kuwa an ciyar da karnuka abincin na tsawon makonni ana duba lafiyarsu. Abincin da aka rubuta cewa na lokaci-lokaci ne ko na ƙari ne kawai, bai isa ya riƙe kare ba, komai tsadarsa.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi masu Boerboel da Rottweiler da German Shepherd. Kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye idan ya girma ba ya jure yawan sinadarin kalsiyam, domin yana iya lalata masa ƙashi da gaɓoɓi yayin da yake girma. Saboda haka an ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 1.8 a abincinsa, kuma buhun zai faɗi ko ya dace da irin waɗannan manyan karnuka ko bai dace ba.

Suna da jerin kayan haɗi

Sunan abinci ma yana da ƙa'ida. Idan aka kira shi naman kaza kai tsaye, to kaza za ta kai kashi 95 na kayan haɗin, ban da ruwan da aka ƙara. Idan aka biyo sunan da kalma irin "dinner" ko "formula", kashi 25 ya wadatar. Idan aka ce "with", wato tare da kaza, kashi 3 kacal ake buƙata. Idan kuwa "flavor" aka rubuta, ɗanɗano kawai ake nufi.

Ana jera kayan haɗi ne bisa nauyinsu kafin a dafa. Ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 nasa ruwa ne, don haka yana iya zuwa na farko a jeri alhali bayan an busar da shi masara ko shinkafa ta fi shi yawa. Garin nama da aka riga aka busar, wanda wasu ke rainawa, sau da yawa ya fi ɗanyen nama ba da furotin a kowane kilo.

Haka lamarin yake wajen kwatanta na gwangwani da busasshe. Gwangwanin da aka rubuta furotin kashi 8 da ruwa kashi 78, idan aka cire ruwan, furotin ɗinsa ya kai kusan kashi 36. Busasshen da ke da kashi 24 da ruwa kashi 10 bai wuce kashi 27 ba. Wanda ya tsaya a lambobin farko zai ɗauka akasin haka.

Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta fi mayar da hankali kan kamfanin da kansa. Tana shawartar mai saye ya bincika ko kamfanin yana da ƙwararren masanin abincin dabbobi, wane ne ke tsara haɗin, wane irin gwaji ake yi wa kayan da suka shigo da waɗanda za su fita, da kuma ko kamfanin zai amsa tambaya idan an tuntuɓe shi.

Rikicin abinci marar hatsi

Shekaru da dama ana tallata abinci marar hatsi a matsayin mafi daraja, bisa hujjar cewa kare jikan kyarkeci ne, nama ya gada. Sai dai wani bincike da masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka jagoranta, wanda aka wallafa a mujallar Nature a 2013, ya nuna cewa karnuka sun fi kyarketai yawan ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen narkar da sitaci. Zaman dubban shekaru tare da ɗan'adam ya sauya musu ciki.

A watan Yulin 2018, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa tana binciken rahotannin wani ciwon zuciya da ke sa tsokarta ta saki, ta kasa harba jini yadda ya kamata. An san ciwon a matsayin na gado a jikin Doberman da Great Dane da Boxer, amma sai ga shi yana bayyana a karnukan da ba a san su da shi ba.

A watan Yunin 2019 hukumar ta ce ta karɓi rahotanni 515 kan karnuka, ta kuma ambaci sunayen abinci 16 da suka fi fitowa. Fiye da kashi 90 na abincin da aka ambata marasa hatsi ne, kuma kashi 93 na ɗauke da dangogin wake da aka maye gurbin hatsin da su.

A watan Disambar 2022 FDA ta bayyana cewa rahotannin kaɗai ba su isa su tabbatar cewa abincin ne ya haddasa ciwon ba, kuma ba za ta sake fitar da bayani ba sai an samu sabon sakamakon kimiyya mai ma'ana. Duk da haka, likitocin dabbobi da dama na ganin babu dalilin cire wa kare hatsi idan ba an tabbatar jikinsa ba ya so ba. A cikin karnukan da abinci ke sa wa ƙaiƙayi, naman shanu da madara da kaza sun fi alkama yawan zama sanadi.

Hujjar masu sauyawa da ta masu riƙe guda

Masu sauya abinci duk bayan buhu ɗaya ko 'yan watanni suna kafa hujja da tarihin kurakuran kamfanoni. A watan Janairun 2019, kamfanin Hill's, wanda likitoci da yawa ke yabawa, ya janye wasu gwangwanayensa saboda bitamin D ya yi yawa fiye da ƙima, abin da kan taɓa ƙoda. A ƙarshen 2020 kuma kamfanin Midwestern Pet Foods ya janye abincinsa na Sportmix saboda gubar afulatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a jikin masara da gyaɗa, kuma take lalata hanta. FDA ta ce mutuwar dabbobi fiye da 130 na iya kasancewa da alaƙa da kayan kamfanin, ta kuma samu gubar a wani samfuri har kashi 558 cikin biliyan, alhali iyakar da take amincewa da ita 20 ce.

Ɗan'adam yana cin tuwo yau, gobe shinkafa, jibi wake, don haka aibin abinci guda ba ya taruwa a jikinsa. Karen da ke cin abu ɗaya safe da yamma na tsawon shekaru, duk wani gibi ko wuce gona da iri da ke cikin buhun a jikinsa zai ƙare. Sauyawa na rage wannan haɗari, tana kuma saba wa kare da abinci fiye da ɗaya, ta yadda ranar da aka nemi nasa a kasuwa aka rasa ba zai ƙi ci ba. A Najeriya, inda farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabo tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, wannan fa'ida ba ƙarama ba ce.

Masu riƙe guda kuma suna da tasu hujjar. Karen da ke cin cikakken abinci daga kamfani amintacce ba ya buƙatar sauyi don ya zauna lafiya. Darasin 2007 ya nuna cewa sauya suna ba lallai ne ya zama sauya masana'anta ba. Sannan idan kare ya fara ƙaiƙayi ko ciwon kunne mai yawan dawowa, likita kan gwada shi da naman da bai taɓa ci ba na kimanin makonni takwas don gano sanadin. Karen da ya riga ya ɗanɗana rago da kifi da agwagwa da zomo ya rage wa likita zaɓi.

Akwai kuma karnukan da ba a sauya wa abinci sai da izinin likita: masu ciwon ƙoda, masu ciwon suga, masu tsakuwa a mafitsara, da duk wanda aka ɗora kan abinci na musamman.

Yadda ake sauyawa

Sannu ba ta hana zuwa. Ƙananan halittun da ke cikin hanjin kare suna buƙatar lokaci kafin su saba da sabon haɗi, kuma sauyi na farat ɗaya ne ke jawo gudawa da amai. Tsarin da aka fi bi yana ɗaukar kwana bakwai zuwa goma. A kwana biyu ko uku na farko, sabon abincin zai zama kashi ɗaya cikin huɗu na kwanon. Sai a kai rabi da rabi, sannan kashi uku cikin huɗu, kafin a bar tsohon gaba ɗaya. Idan kashin karen ya yi ruwa, a koma matakin baya a ƙara kwanaki.

Ba a amfani da awon tsohon abinci ga sabo, domin ƙarfin da kofi ɗaya ke bayarwa ya bambanta daga buhu zuwa buhu. A duba adadin kalori da aka rubuta, a kuma riƙa shafa gefen karen: ya kamata hannu ya ji haƙarƙarinsa ba tare da an danna ba. Duk wani ƙarin abin lasa kada ya wuce kashi 10 na abin da yake ci a yini. Ragowar abincin gida mai albasa ko tafarnuwa kuwa na lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Amai da ya ƙi tsayawa, jini a cikin kashi, kasala, ko idanu da dasashi su koma ruwan ɗorawa, alamu ne na a dakatar da abincin a garzaya wurin likita, tare da buhun.

Zafi da ajiya

FDA na ba da shawarar a ajiye busasshen abinci a wuri marar laima da zafinsa bai kai digiri 27 ba. A Kano ko Sakkwato zafin bazara kan haura digiri 40, da damina kuma laima ke ba fumfuna dama. Zafi na lalata maiƙo da bitamin, don haka babban buhun da ya daɗe a sito ko a shagon da rana ke duka yana iya rasa ingancin da aka biya kuɗi dominsa.

Ya fi a sayi abin da zai ƙare cikin 'yan makonni, a bar shi a buhunsa na asali, a sa buhun cikin mazubi mai murfi. Buhun ne ke ɗauke da ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukunin da aka haɗa abincin, wadda da ita ake gane ko yana cikin waɗanda aka janye. A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin yi wa abincin dabbobin gida rajista, don haka a nemi lambarta. Abincin da aka farke buhunsa ana sayarwa a kilo ya rabu da dukkan waɗannan bayanai, kuma mai saye ba shi da abin da zai nuna wa likita idan karensa ya kwanta.