Yaro da Magana: Bakin Uwa ne Makarantarshi ta Hwarko

Yaro ba ya koyon magana shi kaɗai. Abin da kunnenshi ya ji, shi bakinshi ke maidowa. Tun shina ciki, cikin watannin ƙarshe, shina jin muryar uwarshi. Wajen wata 6 shina gwalantu, shina cewa "ba-ba-ba". In ya kai shekara 1 sai kalmomin hwarko su hito. A shekara 2 shina haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa". A shekara 3 shina ba da ɗan labari. Wajen shekara 4 ko baƙo na gane mahi yawan abin da ya ce. Wani na da sauri, wani na da nawa, amma hanyar guda ce.

Uwa a karkara ba ta da lokacin zama. Ga daka, ga ɗibar ruwa, ga itace. To, ba sai ta zamna ba. Tana aiki tana yi ma yaro magana: "Ga turmi, ga taɓarya. Miƙo mani ƙwarya. Hura za mu dama." A bakin rijiya ta nuna mashi guga da igiya da jaki, ta hwaɗi sunansu. In ya ce "aku", ta amsa: "I, akuya ce, tana cin harawa." Ta gyara mashi ke nan ba tare da tsawa ba, kuma ta ƙara mashi kalma.

Amsawar nan ita ce babban abu. Yaron da ya yi tambaya anka ce mashi "yi shiru" kullum, a hankali sai ya daina tambaya. Rediyo da salula suna surutu, amma ba su jiran yaro ya amsa. Don haka ba su maye gurbin mutum.

Akwai gidajen da uwa ke kunyar ɗan hwari, ba ta kiran sunanshi, ba ta yawan yi mashi magana gaban mutane. A nan kaka da gwaggo da ƴan uwa su ɗauki nauyin. Wasan kaka da jika makaranta ce babba: tsokana, amsa, dariya. Da dare ga gatanar Gizo da Ƙoƙi. In an ƙare, a tambayi yaro: "Mi Gizo ya yi?" A bar shi ya hwaɗi da bakinshi, ko ya yi ta ruɗewa. Uba ma in ya komo daga gona ko kasuwa, ya tambaye shi abin da ya gani yau.

Gidan da ake Hausa da Zabarmanci, ko Hausa da Hillanci, wannan ba ya ɓata bakin yaro. Shina iya ɗaukar duka biyu. In'ina kuwa takan zo tsakanin shekara 2 da 5, kuma ga yara da yawa tana wucewa. Kada a yi mashi dariya, kada a ƙarasa mashi magana. In ta daɗe ko tana ƙaruwa, a nemi shawarar likita.

Yaron da ya kai shekara 2 bai hwaɗin kalma ko guda, ba a cewa taurin kai ne ko miskilanci. A hwara duba kunne. A tsaya bayanshi inda ba ya gani, a kira sunanshi a hankali. In ba ya waigowa, a tahi da shi gidan likita. Kunne mai hidda mugunya na rage ji, kuma yara da yawa na hwama da shi. Kada a ɗura mai ko ruwan ganye ciki, kada a sa tsinke. Dussa, wadda wasu ke kira ƙyanda, da sanƙarau na lokacin zahi, suna iya kurmantar da yaro bayan ya warke. Dukansu suna da allurar rigakahi. Yaron da ya tashi daga sanƙarau, a roƙi likita ya gwada jinshi.

Yankan ƙarƙashin harshe wajen wanzami ba ya kawo magana ga yaron da ba ya ji. Sai zubar jini da miki.

In an tabbata kurma ne, hankalinshi lahiya lau yake. A ci gaba da yi mashi magana da hannu da huska, ana kallonshi ido da ido. Akwai makarantar kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda ake koya ma yara maganar hannu da karatu da rubutu.