Kafin A Ce Idon Inji Ya Mutu

Akwai wata ɗabi'a a masana'antun leda da takarda da yadi da ta isa a yi magana a kanta. Da zarar ledar da ke gudu a kan rola ta fara karkata gefe, sai mai kula da inji ya yanke hukunci cewa sensa ta mutu. Ya zare wayarta, ya tsayar da yaro a gefe yana tura leda da tafin hannu ko da sanda. Aiki ya ci gaba, kowa ya yaba wa dabararsa. Alhali a mafi yawan lokuta lafiyar sensar ƙalau, an dai hana ta gani ne, ko kuma tun farko an ɗora mata aikin da ba nata ba.

Na'urar ba wani abin mamaki ba ce. Siffarta kamar buɗaɗɗen baki mai leɓe biyu, gefen ledar yana wucewa ta tsakiya. Leɓe ɗaya yana fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, ɗayan yana auna yawan hasken da ya iso. Idan gefen ya tare rabin hasken, leda tana kan hanya. Idan hasken ya ƙaru ko ya ragu, ta zame, sai wata ƙaramar mota ta karkata firam ɗin rola ta dawo da ita. Tun 1939 Irwin Fife ya fara ƙera injin daidaita gefe a birnin Oklahoma na Amurka, kuma kamfanoni irin su Erhardt+Leimer da BST na Jamus sun daɗe suna wannan sana'a. Saboda haka ba sabon abu ne da ake gwaji da shi a kanmu ba.

Abin da ya kamata a gane shi ne, wannan ido bai san leda ba. Yawan haske kawai yake aunawa. Duk abin da ya rage hasken, a wurinsa leda ce ta matso. To, a tuna yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan komai a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa, a haɗa da burbushin takarda, da gashin zare, da feshin tawada. Idan waɗannan suka lulluɓe gilashin, sai na'urar ta ɗauka gefen ya shigo da yawa, ta ba da umarnin a ja leda baya, ledar da take zaune daidai. Mai inji ya ga ana karkatar masa da kaya, ya ce sensa ta haukace. Ba ta haukace ba, gaskiyar abin da ya iso mata ta faɗa.

Wani zai ce ai ya goge ta tas, amma leda ba ta daina yawo ba. Sai a tambaye shi wace irin leda ya ɗora. Idan garai-garai ce, irin ta ruwan leda kafin a buga mata rubutu, hasken ratsa ta yake yi kusan duka, idon kuwa ba ya iya bambanta inda take da inda ba ta. Nan ba gyara ake buƙata ba, wata sensar ake buƙata, mai aiki da sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum, domin sauti ba ruwansa da ko abu garai-garai ne ko baƙi. Ita ma tana da nata rauni: yadi mai huji-huji, kamar gidan sauro, sautin wucewa yake yi ta cikinsa. Wanda ya sayi tsohon injin takarda ya ɗora masa leda, sannan ya zo yana zagin sensa, kansa ya kamata ya zaga.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce ta masu cewa hannun gwani ya fi na'ura. A yi lissafi. Injin da ke gudun mita 300 a minti, mita 5 yake ja a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, hannu ya motsa, kusan rubu'in daƙiƙa ya wuce, wato fiye da mita ɗaya na leda ya riga ya shige a karkace. Na'urar kuwa tana kama zamewar da ba ta kai milimita ba, kuma ba ta gyangyaɗi a aikin dare. Karkatar ledar ma asarar kaya ce kawai: rubutu ya sauka a gefe, naɗi ya fito da tsini, wuƙa ta yanke inda bai kamata ba. Babbar maganar ita ce inda rola biyu suka haɗu suna juyawa ciki. Wurin ba ya sakin abin da ya kama, yatsa ne ko hannun riga. Maigidan da ya tsayar da ɗan mutane a nan don gudun sayen sensa, ya auna abin da zai faɗa wa iyayensa. An sani kayan gyara da dala ake sayo su, amma ledar da ake zubarwa kullum ma ai ba kyauta aka samo ta ba.

Kuma ba kullum ne matsalar take wajen sensa ba: rola karkatacciya, jan da bai daidaita ba, da naɗin da ya zo a murɗe su ma suna kawo karkata.

Kafin a taɓa waya, a kashe inji tukuna. A goge gilashin da tsumma mai laushi, ban da fetur, ban da tsinken waya, domin ƙarzar da aka yi masa ba ta gyaruwa. A mai da gogewar nan aikin farkon kowace shiga, a hunturu ma fiye da sau ɗaya. Sannan a yi gwaji mai sauƙi: a zura guntun kwali a bakin sensar a hankali, a duba ko lambar da ke kan allo tana canzawa. Idan tana canzawa, idon yana gani, sai a nemi matsalar a wajen motar ko firam. Duk lokacin da aka canza kaya, a sake saita ta kamar yadda littafin injin ya nuna, bakin a buɗe da kuma a rufe da sabon kayan. A duba ƙusoshin da suka riƙe ta, girgiza tana kwance su. A bar ta inda maƙera suka ɗaura ta, dab da rolar da leda ke fita, domin in aka matsar da ita nesa labari yana makara, sai firam ya riƙa kai da komo ba tsayawa. Inda ƙura ta yi yawa, a ja mata siririn bututun iska busasshiya daga kwamfuresa yana hura gilashin, a kuma tace iskar, kada mai da ruwa su biyo ta.