Yadda niƙaƙƙiyar gujiya ta zama abincin kowane gida a Amurka

Kwanan baya a cikin shirinmu na ƴan kasuwa, wata baiwar Allah mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta bugo waya tana tambaya: "Wai da gaske ne Amurkawa, duk da arzikinsu, gujiya suke ba ƴaƴansu kalaci?" Mun amsa mata a gurguje don lokaci ya ƙure, amma mun yi alkawarin za mu sake dawowa kan maganar. To ga ta nan, Hajiya, ke da sauran iyayenmu mata na kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Maganar gaskiya ce. Abin da suke ci kuma kun san shi sarai: gujiya ce, ko gyaɗa, a soya ta, a murje jan ɓawon, a niƙa ta luƙui ba tare da an matse manta ba, irin wadda ake kira tigadege a Yamai. Mu miya muke yi da ita ko kwaɗo, su kuwa a burodi suke shafa ta. A ƙiyasin masu sana'ar, gida 9 cikin 10 a Amurka ba a rasa kwalabarta, kuma kowane mutum yana cin wajen kilo 2 a shekara. Har ranar 24 ga Janairu suka keɓe mata.

Asalin gujiya Kudancin Amurka ne. Jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta bi jiragen bayi ta isa Amurka. Shekaru da dama ana yi mata kallon abincin bayi da talakawa da dabbobi. Sai da wani ƙwaro ya cinye gonakin auduga a kudancin ƙasar a farkon ƙarni na 20, sannan manoma suka juya gare ta, bisa shawarar masana irin su Joj Washintan Kaba, wani baƙar fata da aka haifa cikin bauta. Raina kama ka ga gayya: a 1977 manomin gujiya, Jimi Kata, ya hau mulkin ƙasar, kuma jiharsa ta Jojiya ita ce ke noma kusan rabin gujiyar Amurka.

To ta yaya niƙaƙƙiyar gujiya ta shiga kowane gida? Mun ga dalilai uku.

Na farko, sun yi maganin lalacewarta. A 1895 wani likita mai suna Kelog ya nemi a yi masa rajistar hanyarsa ta niƙa ta, domin majinyatan da ba su iya tauna. Amma matsalar da kuka sani ita ta dame su: in ta kwana biyu sai mai ya taso sama, ƙasan ya daskare, ɗanɗanon ya sake. A wajen 1922 wani ɗan kasuwa, Jozef Rozfil, ya samo dabarar daskarar da man yadda ba ya rabuwa da ƙullun. Daga nan kwalba ta iya yin watanni a kanti, ta yi tafiya mai nisa ba ta ɓaci ba. Sunaye irin su Peter Pan da Skippy, daga baya kuma Jif, suka bazu ko'ina.

Na biyu, ta zo daidai lokacin da talaka yake bukatarta. A 1928 aka fara sayar da burodi yankakke. Shekara guda bayan haka tattalin arzikin ƙasar ya karye, nama ya fi ƙarfin mutane da yawa, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu aka taƙaita sayar da shi. Gujiya ga araha, ga riƙe ciki. Yaro ɗan shekara shida yana iya ɗaukar yanka biyu na burodi, ya shafa gujiya a ɗaya, ya shafa kwamfitir a ɗayan, ya haɗa su ya sa a jakar lakwal, ba hura wuta, ba jiran uwa. Wanda ya tashi da wannan ɗanɗano kuwa, shi zai saya wa nasa ƴaƴan.

Na uku, kuma shi ne muka fi so ku riƙe, amana. A ƙarshen shekarun 1950 aka gano wasu kamfanoni suna rage gujiya su cika kwalba da mai da sauran abubuwa masu araha. Matan gida suka tashi tsaye, hukumar kula da abinci ta shiga maganar, aka yi shekara 12 ana ja. A 1971 doka ta fara aiki: duk kwalbar da ke ɗauke da wannan suna, dole kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikinta ya zama gujiya. Kuma wanda ya ci amana ba a ƙyale shi. A 2008 da 2009 gurɓatacciyar gujiya daga wani kamfani a Jojiya ta kwantar da mutane fiye da 700, aka danganta mutuwar 9 da ita. A 2015 kotu ta ɗaure mai kamfanin shekara 28, don an tabbatar ya san kayan ba su da kyau ya fitar da su kasuwa.

Mu nan Nijar ba baƙin gujiya ba ne. Dattawa suna tuna zamanin SONARA, da aka kafa a 1962, lokacin da gujiya ce kan gaba a kayan da muke fitarwa waje, kafin yuraniyom ya karɓe wurinta, fari da cutar shuka ta 1975 kuma suka karya nomanta. Iyaye mata na Maraɗi ba su manta da 2005 ba, shekarar da ƴan ƙunshin Plumpy'Nut, wanda niƙaƙƙiyar gujiya ce da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka ceci dubban yara masu tamowa.

Ke nan hannu muna da shi, gujiya muna da ita. Abin da ya rage shi ne mai saye ya yarda da abin da ke cikin robarmu. Gujiyar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta wuri mai danshi, tana yin fumfuna mai dafi da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe dafin. Saboda haka a shanya da kyau, a tsince ruɓaɓɓu da masu baƙi a zubar, kada a ce asara ce a tura su injin niƙa. A wanke roba, a rufe ta, kada a ƙara gari don auki.

Hajiya, ga amsarki. Amurkawa ba su fi ki iya suyar gujiya ba. Sun dai tabbatar wa uwa cewa abin da ta saya yau shi za ta samu gobe, shi ya sa take komowa. Allah ya ba da kasuwa.