Kafin Ka Aiko Da Kuɗin Ginin Shago, Ji Labarin Kasuwar Dandaji

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

'Yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Sabo a Badun, har zuwa na Fatakwal, yau maganarmu a kan shago take, watau shagon nan da da yawa daga cikinku ke ta tara kuɗi don su gina a gida.

Kusan duk wanda ya bar garinsu ya tafi neman halaliya yana da buri biyu a ransa: ɗakin da zai sa iyali, da kuma shago a bakin hanya wanda zai dogara da shi ranar da ƙarfi ya ƙare. Kuɗin nan kuwa ba tsintarsa ake yi ba. Wani da dako ya same shi, wani da gadi, wani da fawa, wani da sayar da goro. Saboda haka ya kamata a yi tunani kafin a zuba shi cikin gini.

Abin Da Ya Sami Kawuna

Ina da wani kawu da ya daɗe yana sayar da goro a Ikko. Da Allah Ya hore masa, sai ya aiko aka jera masa shaguna huɗu a wata unguwa a nan Minna, irin waɗanda kowa ya sani: bangon bulo, rufin kwano dab da kai, ƙofar ƙarfe tana duban yamma, ba taga ko ɗaya. Ranar da aka gama mun taya shi murna ƙwarai.

To, amma da bazara ta shigo sai labari ya sha bamban. Duk wanda ya san Minna ya san zafin watan Maris da Afrilu. Daga azahar ba mai iya zama cikin shagunan nan. Man shafawa ya narke, alewa ta manne da ledarta, burodi ya yi gumi ya lalace. Ɗan hayar da ke shagon farko da ya ga uwar bari sai ya kafa rumfar zana a ƙofa, ya fito da kayansa waje, sauran ma suka bi sahu. Yau shagunan da aka kashe wa gumin shekaru sun koma wurin ajiya da dare, ciniki kuwa ya koma ƙarƙashin rumfar da ba ta ci kuɗin buhun siminti biyu ba.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Kwano yana ɗaukar zafin rana nan da nan ya sako shi ƙasa, bulon siminti kuma ba shi da kaurin da zai tare zafi, ga shi ba a bar wa iska hanyar shiga da fita ba. Katangar ƙasa mai kauri kuwa a hankali take shan zafi, kafin ya ratsa ta ya kai ciki rana ta faɗi. Shi ya sa zauren kakanninmu ke da sanyi da tsakar rana, ya kuma yi ɗumi da daren hunturu.

Yadda Siminti Ya Cinye Mu

Dattawanmu da suka zauna a Ikko za su tuna shekarar 1975, lokacin da jiragen ruwa fiye da 400 ɗauke da siminti suka toshe tashar Apapa, wasu suka yi watanni suna jiran a sauke su. Tun daga zamanin arzikin man fetur ɗin nan aka ɗauki ginin ƙasa alamar talauci, bulo da kwano kuwa alamar ci gaba. Minna ma, wadda ta tashi a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa ta kuma zama babban birnin Jihar Neja a 1976, da siminti ta girma.

Amma fa arahar ta wuce. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama na ƙasar nan. Bugu da ƙari, masana sun ƙiyasta cewa masana'antun siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Watau muna sayen abu da tsada, ya dafa mu a cikin shago, ya kuma ƙara wa duniya zafi.

Kasuwar Dandaji

Dandaji wani ƙauyen Hausawa ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Da can kasuwarsu mako-mako take ci, a gewayen wata tsohuwar bishiya. A 2018 aka kammala musu sabuwar kasuwa mai ci kullum, wadda wata 'yar Nijar, Malama Mariam Issoufou Kamara, ta zana. Ita wannan baiwar Allah ilmin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka kafin ta koma ilmin zanen gine-gine, a 2014 kuma ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa sunan Hausa, watau Masomi.

Abubuwa uku ta yi waɗanda ya kamata kowane mai niyyar gina shago ya lura da su. Na farko, ba ta sare bishiyar ba. A maimakon haka sai ta mai da ita cibiyar kasuwar, aka yi wurin zama a gewayenta, rumfuna suka kewaye ta. Na biyu, da jar ƙasar wurin aka yi bangon rumfunan, amma ba tubalin hannu ba, bulon ƙasa ne da ake matsewa da inji ya fito da kusurwa daidai. Na uku, tun da yake itatuwa ba su da yawa a yankin, kuma shuka ba ta girma rana ɗaya, sai aka ƙera wasu faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri daga ƙarfen da aka riga aka yi amfani da shi, aka ɗaga su kan sanduna, wani sama da wani, kamar ganyen bishiya. Suna ba da inuwa a hanyoyin kasuwar, iska mai zafi kuma tana samun wurin ficewa ta tsakaninsu.

Ku lura, ba ta ce a guji ƙarfe ba, ba ta kuma ce a koma zamanin da ba. Abin da ta yi shi ne ta sa kowane abu inda ya fi amfani: ƙasa a bango, ƙarfe can sama nesa da kan mutane.

Wannan gwaninta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A wannan jiha ta Tawa akwai masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mu ma nan muna da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, tun ƙarni na 19. Mutanen da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo da azara da ƙasa, shago ɗan ƙafa goma sha biyu ba zai gagare su ba.

Rumfunan Baje Koli

Haka maganar take a wajen baje koli. Bajen kolin duniya na Ikko ya fara a 1977, na Kaduna kuma a 1979. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro ya san yadda ake yi: a kafa rumfa da falankin katako da tamfol da ƙyallen roba mai hoton kamfani, a yi kwana goma, a watse, a bar tarin shara. Baɗi kuma a sake sayen sabo.

A 2017 an gayyaci wani mutumin Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina rumfar baje fasaha ta Serpentine a birnin Landan. Bishiyar da mutanen ƙauyensu, Gando, ke taruwa a ƙarƙashinta ita ya kwaikwaya. Ya ɗaga rufin sama bai taɓa bango ba don iska ta wuce, ya yi bangon da guntayen katako masu launin shuni, ya bar rami a tsakiyar rufin inda ruwan sama ke zubowa wuri ɗaya. A 2022 ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan fanni, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin da Turawa suka yi layi suna kallo, mu inuwar gindin bishiya muke ce masa.

Jihar Neja kuwa Allah Ya yi mata arzikin kayan irin wannan aiki. Ga gora, ga tukurwa a fadamun ƙasar Nufe, ga zana da asabari. Rumfar da aka haɗa da waɗannan ana iya kwance ta a naɗe a ajiye har baɗi, kuɗin kuma ya shiga hannun masu saƙa na ƙauye. Wanda zai baje tukwanen Gwari ko kayan tagulla na Bida, wace rumfa ce ta fi dacewa da kayansa in ba wannan ba?

Inda Gizo Ke Saƙa

Kada in rufe ku, akwai matsaloli. Na ɗaya ruwa. Minna tana samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara, ta fi Dandaji nesa ba kusa ba. Don haka ginin ƙasa a nan sai an yi masa harsashi na dutse da siminti wanda ya ɗago sama da ƙasa, a kuma bar wa rufi baki mai faɗi don kada ruwa ya riƙa dukan bango. Bulon ƙasar ma akan sa masa ɗan siminti, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a bar shi ya bushe a inuwa wajen mako huɗu.

Na biyu gobara. Zana da ciyawa abincin wuta ne, don haka wurinsu rumfar 'yan kwanaki, ba shagon dindindin ba. Amma a tuna, babbar kasuwar Jos da ta ƙone a 2002, da ta Sabon Gari a Kano a 2016, da na Sakkwato da Katsina a 2021, ba na ciyawa ba ne. Ƙasa ba ta cin wuta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ja wayar lantarki ta ƙwarai, kuma kada a cushe hanya da ƙarin rumfuna har motar kashe gobara ta rasa inda za ta bi.

Na uku, wanda ya fi wuya, kunya. Mutum na tsoron a ce ya yi shekaru a Ikko ya dawo ya yi ginin ƙasa. To, ɗan'uwa, mai saye ba bango yake tambaya ba, inda zai tsaya cikin inuwa ya yi ciniki a natse yake nema.

Shawara

In za ka aiko da kuɗi, aiko da sharaɗi. In fili ya yarda, ƙofa ta dubi kudu ko arewa, kada ta dubi yamma. A ɗaga rufi, a sa sili, a bar 'yan ƙofofin iska a sama dab da kwano, gaba da baya, a sa musu raga da ƙarfe saboda ɓera da ɓarawo. A yi baranda mai faɗi, gama a nan rabin ciniki yake. In akwai bishiya a filin kada a sare ta, in babu a dasa mangwaro ko dogon yaro tun ranar da aka haƙa harsashi.

Sa'an nan a tambayi masana. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen koyar da zanen gine-gine. Akwai kuma hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta kuma yi aiki a kan injin matse bulon ƙasa. Ba kowace ƙasa ce ke yin bulo ba, sai an gwada, don haka kada a yi gaggawa.

Kawuna dai yanzu yana shirin ɗaye kwanon shagunansa ya ƙara wa bango tsawo, watau zai biya kuɗin aiki sau biyu. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya sa albarka a neman da kuke yi, Ya dawo da ku gida lafiya, amin.