Mai Karatu Ma Yana da Ta Cewa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 An saba jin marubuta suna bayanin littattafansu, an saba jin malaman jami'a suna feɗe su. Yau maganar mai karatu za mu yi, wanda ya cire kuɗinsa ya sayi littafi ko ya karɓo haya, ya kwana a kansa, gari ya waye yana sa wa marubucin albarka ko kuma yana jin haushinsa har cikin rai.

Mu fara daga tushe. A 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka samu littattafai biyar da har gobe ake karantawa, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ka tari dattijon da ya karanta Ruwan Bagaja yana ɗan firamare ka ambaci sunan littafin. Kafin ya ce komai sai ka ga ya fara murmushi, kuma sunan da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji Imam ne tauraron labarin, amma abokin hamayyarsa ne ya zauna a zukatan mutane, saboda duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko. Mutum ya manta sunayen garuruwan, ya manta yadda aka samo ruwan, amma dariyar da ya yi a aji tana nan.

Shaihu Umar kuwa bai samu wannan farin jinin a wurin yara ba. Da yawa daga waɗanda aka ɗora wa shi don jarrabawa za su gaya maka ya yi musu sanyi, babu barkwanci, babu wasa. Sai mutum ya girma, ya haihu, ya sake ɗaukarsa, sannan ya lura da mahaifiyar Umar, wadda ta bar gida ta shiga sahara neman ɗanta, ta faɗa cikin bauta a hanya, ba ta sake ganinsa ba sai a ƙarshen ranta. Littafin bai canza ko harafi ɗaya ba. Wanda ya ƙi shi yana ɗan shekara goma sha biyar shi ne yake share hawaye a kansa yana da arba'in.

Shi kuma Jiki Magayi gardama yake haddasawa. Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya tafi neman asirin ramuwa, sai abin ya sauka a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu daga baya, ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa. Akwai masu karatun da ba su taɓa yafe wa littafin ba. Tambayarsu ɗaya ce: shi yaron me ya yi?

(KIƊA)

Masu sauraro, idan ana maganar littafin da ya raba kan jama'a, dole a zo kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, a gida kuma an nace sai Abdulƙadir mai kuɗi, har ta kai ta faɗa rijiya. Matasan wancan zamani sun riƙe littafin hannu bibbiyu. Kwafi ɗaya yakan zaga aji guda har bangonsa ya cire. Iyaye da wasu malamai kuwa suka ce ana koya wa 'ya'yansu bijirewa, aka yi ta maganar rijiyar nan kamar babu wani shafi a littafin sai ita. Ni dai a ganina kowane ɓangare tsoronsa ya karanta a ciki. Yarinya tana tsoron a aurar da ita inda ba ta so, uba yana tsoron ranar da zai yi magana a gidansa a ƙi ji.

Amma littafin da nake so mu daɗe a kansa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rowa a gida, mai sakin hannu a waje. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar abinci, ta riƙe yaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Can gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, sai dangi suka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Ta koma.

A nan ne mata masu karatu suke rabuwa. Wata za ta ce maka ta so littafin tun daga shafin farko, amma ƙarshen ya ɓata mata rai, har ta yi jifa da shi. Matar da ta tsaya da ƙafafunta, ta ci da kanta, ta ci da 'ya'ya tara, don me za a mayar da ita ta yi jinyar wanda ya wulaƙanta ta? Wata kuma, musamman wadda ta manyanta, za ta ce ai haka abin yake, ta ga an yi wa yayarta, ta ga an yi wa maƙwabciyarta, kuma da marubuciyar ta bar Rabi ta yi tafiyarta da ta yi wa mata ƙarya.

Ina tare da ta biyun a kan cewa Hajiya Balaraba gaskiya ta rubuta. Amma ina girmama fushin ta farkon ƙwarai, don wannan fushin shi ne shaidar littafin ya yi aikinsa. Ba takarda take jin haushi ba. Taron dangin nan take jin haushi, masu cewa a yi haƙuri saboda yara, waɗanda ba a gan su ba ranar da aka yi waje da kayan Rabi. Mai karatun da ta rufe littafi tana huci saboda an zalunci matar da ba a taɓa haifa ba, gobe idan aka zo yi wa ƙanwarta haka, da wuya ta yi shiru. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar littafin da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci, labarin Rabi ya isa hannun mutanen da ba su taɓa taka Kano ba.

Akwai wata ƙiyayyar daban, ita ma tana da hujja. Ita ce ta wanda aka yaudara. Ka sayi littafi na ɗaya, labari ya ɗauko daɗi, sai a ce a nemi na biyu. Ka nemo na biyu, a tura ka na uku, alhali abin da ke ciki bai wuce littafi guda ba. Ko kuma a cika shafi goma da bayanin falo da mota da leshi, yarinya kyakkyawa kullum fara ce mai dogon gashi, saurayi kullum ɗan attajiri ne da ya dawo daga Ingila. Masu karatu sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan tun zamanin shagunan haya, kuma yanzu da karatun ya koma cikin waya ƙorafin bai ragu ba. Marubucin da ya ji an ce labarinsa ya yi ja, kada ya ce hassada ce.

Wanda ba zan sa a sahun masu karatu ba shi ne mai yanke hukunci daga bango. A 2007 hukumomi a Kano sun ƙona tarin littattafan hikaya a wata makarantar 'yan mata, da sunan gyaran tarbiyya. Ba na musun cewa akwai littattafan da ba su dace da yara ba. Sai dai wuta ba ta karatu, ba ta bambance wanda ya yi batsa da wanda ya hana a cire yarinya daga makaranta. Ita Hajiya Balaraba da kanta an cire ta daga karatu aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi. 'Yan matan da suka karanta shi a ɓoye a ɗakin kwanan makaranta su ya kamata a fara tambaya me suka gani a ciki, kafin a kawo ashana.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)