Abubuwan da Ke Raba Hankali Lokacin Wa'azi a Majami'a

Masana ilimin wa'azi, wato fannin da makarantun tauhidi ke koyarwa kan yadda ake shirya wa'azi da gabatar da shi, sun daɗe da lura cewa duk wanda ya hau bagade ranar Lahadi yana gogayya ne da abubuwan da ba sa cikin takardarsa. A majami'un ECWA da COCIN da EYN, inda ake yawan sujada da Hausa, abubuwan sanannu ne: kukan jariri, da ƙarar waya, da ɗaukewar wuta wadda ke kashe lasifika har sai an tayar da janareta, da zafin rufin kwano a watan Afrilu da ke sa dattijo gyangyaɗi a bencin gaba.

Matsalar tsohuwa ce, domin sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin Aftikos, saurayin da barci ya kwashe a bakin taga sa'ad da Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare a Taruwasa, ya faɗo daga hawa na uku, abin da ya sa manzon ya dakata ya sauka wurinsa kafin ya koma. Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Landan wanda ya rasu a 1892, ya keɓe wa batun darasi guda a laccocin da ya yi wa ɗalibansa, inda ya ɗora yawancin laifin barcin jama'a a kan mai wa'azi da kuma rashin iska a ɗakin sujada. Shawararsa ita ce a yi shiru na ɗan lokaci maimakon ɗaga murya, domin mai barci kusa da injin niƙa ba ya farkawa sai injin ya tsaya.

Hikimar tana wajen rarrabe abin da za a ƙyale da wanda dole a tanka. Kukan jariri na kashi na farko ne, kuma faston da ya katse magana ya umurci uwa ta fita ya ƙara wa matsalar girma, domin idanun da a da ke kansa duk sun koma kan matar, ita kuma tana iya yin makonni ba ta sake zuwa ba saboda kunya. Lallashin jaririn aikin masu kula da zaman jama'a ne da 'yan Zumuntar Mata, waɗanda kan matso a hankali su karɓi yaron su goya shi zuwa inuwa. Idan wuta ta ɗauke kuwa, baiti guda daga littafin waƙoƙi ya isa ya riƙe jama'a.

Kashi na biyu ya fi nauyi. Tun bayan harin bam na ranar Kirsimeti ta 2011 a cocin Katolika na Madalla, da makamantansa a Jos da Kaduna, fashewar tayar mota a waje kan tayar da majami'a tsaye, kuma turereniya a bakin ƙofa tana iya raunata mutane ko da babu wani hari. A nan ci gaba da wa'azi tamkar ba a ji komai ba kuskure ne. Wajibi ne mai wa'azi ya dakata, ya ji ta bakin masu gadi, sannan ya shaida wa jama'a gaskiyar abin da ya faru cikin murya mai natsuwa kafin ya koma kan nassinsa.