Ko Ka Sani? Yadda Ake Gano Raunin Matsi da Zurarar Hayaƙi a Injin Ƙaramar Tarakta

Ƙaramar taraktar lambu, wadda masu gidaje a Amurka da Turai suke hawa domin yanke ciyawa da jan ƙaramin amalanke, ta yaɗu sosai bayan da kamfanin John Deere ya fitar da samfurinsa mai lamba 110 a shekarar 1963, ɗauke da injin kamfanin Kohler. Yawancin irin waɗannan taraktoci suna amfani da injin fetur mai silinda ɗaya ko biyu wanda iska ce take sanyaya shi, kuma tsarin aikinsa ɗaya ne da na ƙananan injinan ban ruwa da janareto masu rumbun baƙin mai daban, waɗanda manoman rani da masu shaguna suka saba da su.

Fistin yana yin zirga-zirga huɗu kafin injin ya kammala zagayen aikinsa guda: ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya danne su, filogi ya kunna wuta ƙarfin fashewar ya turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Dannewar nan ita ake kira matsi, kuma a injinan zamani ana cusa iskar cikin kusan kashi ɗaya bisa takwas na wurin da ta cika da farko. Abubuwa uku ne suke tsare wannan matsi: zobban ƙarfe da suke kewaye da fistin, waɗanda makanikai suke kira ringi, da bawul guda biyu na shigar iska da fitar hayaƙi, da kuma gasket, wato shimfiɗar da take like kan injin da gangar silinda. Idan iskar ta sulale ta gefen ringi ta gangara cikin rumbun baƙin mai, wannan ita ce zurarar hayaƙi. Kowane inji yana yin kaɗan daga cikinta, shi ya sa aka yi masa ƙofar numfashi da ke mayar da hayaƙin wajen matatar iska, amma idan ta yi yawa sai baƙin mai ya jiƙa matatar, shuɗin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, wani lokaci ma sandar awon mai ta riƙa tasowa da kanta.

Awon farko da akan yi shi ne a cire filogi a ɗaura ma'aunin matsi a gurbinsa, a buɗe totur gaba ɗaya, a juya injin. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin kamfanoni irin su Kohler da Briggs & Stratton sun daɗe suna sanya wata dabara da take ɗan ɗaga bawul ɗaya yayin da injin yake juyawa a hankali, don tayar da shi ya yi sauƙi, sai ta janye da zarar ya kama. Saboda haka lafiyayyen inji yana iya nuna ƙaramin adadi a ma'auni, kuma wanda bai san da dabarar ba sai ya yanke wa ringi hukuncin da ba su cancanta ba. Akan zuba kamar cokalin shayi na baƙin mai ta ramin filogi a sake awo; idan adadin ya tashi sosai, zargi ya koma kan ringi, tunda man ya toshe giɓin na ɗan lokaci.

Awon da ya fi amana shi ne na hura iska. Ana tsayar da fistin a ƙololuwarsa lokacin da bawul biyun suke rufe, a riƙe injin kada ya juya, a tura iska daga famfo ta ramin filogi, sannan a kasa kunne. Idan hucin ya fito ta kafireto, bawul ɗin shigar iska ne bai zauna daidai ba. Idan ta salansa ne, na hayaƙi ne ya ƙone ko gawayi ya tokare shi. Idan kuwa ta bakin zuba baƙin mai ya fito, iskar ta isa rumbu. Ko a nan ma bai kamata a yi gaggawa ba, saboda a injinan da bawul ɗinsu yake a sama akwai wani rami da sandunan tura bawul suke bi, wanda yake haɗe da rumbun mai, kuma gasket yakan fashe daidai tsakanin silinda da wannan rami. Alamomin fashewar gasket ba su da maraba da na ringin da ya cinye, alhali sauya gasket aikin 'yan sa'o'i ne, sauya ringi kuwa sai an wargaza injin kaf.

Ya dace kuma a duba tazarar bawul, wadda a irin waɗannan injina takan kasance wajen milimita 0.1, da kuma ko baƙin mai ya wuce ƙa'ida ko yana warin fetur, domin kafireto mai yoyo yakan tsiyayar da fetur cikinsa ya tsinka shi. Idan har ta tabbata ringin ne, galibi ƙura ce ta shiga ta matatar iska da ta yage ta goge bangon silinda kamar yashi, ko kuma ciyawa da sheƙar ɓeraye suka toshe fukafukan sanyaya injin har ya yi zafi fiye da kima. Sabon ringi da aka sa ba tare da an gyara waɗannan biyun ba, ba zai daɗe ba shi ma zai cinye.